Hattara Da Jak Mai Tsatsa: Ran Yaran Gareji Amana Ce A Wuyanmu

Wata ranar Asabar cikin watan Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan, muna dawowa daga Alkaleri, sai tayar motarmu ta sace dab da shiga garin Bauchi. Muka ratse wurin wani mai faci da ke maƙwabtaka da garejin manyan motoci. Ina tsaye ina jira, idona ya faɗa kan wata gingimari maƙare da siminti. An cire mata tayoyin baya na gefe guda, an ɗaga ta da jak ɗaya tal. Jak ɗin yana zaune a kan dutse, dutsen kuma a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Daga ƙarƙashin motar ƙafafu biyu ƙanana suka leƙo, ɗaya da silifas, ɗaya babu. Da yaron ya fito ɗaukar sifana na ƙare masa kallo, bai fi shekara 13 ba. Shi kuwa jak ɗin, an shafe shi da jan fenti sabo fil, amma mai yana tsiyaya daga wuyansa yana gangarowa kan dutsen.

Na ƙarasa wurin maigidan garejin na ce, "Sannu da aiki, Oga. Jak ɗin nan naka fa yana zubar da mai, ga kuma yaro a ciki."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, shekara nawa muna aiki da shi? Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Sannan ya waiga ya daka wa wani yaron tsawa: "Kai, zo ka ƙara masa hannu biyu, ya fara sauka."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Ashe ya san jak ɗin yana sauka. Ya sani har ya ware yaro guda wanda aikinsa shi ne ya riƙa buga shi yana komawa sama, alhali ɗan'uwansa yana kwance ƙarƙashin buhu ɗaruruwa. Tun daga ranar nake lura duk inda na bi, a hanyar Jos, a hanyar Ningi, a hanyar Gombe da ta Maiduguri, a lungunan da ke bayan Muda Lawal da Wunti, sai na tarar abin ya zama ruwan dare. Mota a sama, ruɓaɓɓen jak a ƙasa, ɗan mutum a tsakani. Wannan ɓarna ce mai yaɗuwa, kuma shirun da muka yi mata ya ishe ta haka.

A fara da sanin mene ne jak. Irin wanda ake ɗaga manyan motoci da shi, mai siffar kwalba, da mai yake aiki. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, shi ya bayyana dokar tun ƙarni na 17: idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, ƙarfin matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. A 1851 wani maƙeri mai suna Richard Dudgeon ya yi wa jak mai aiki da wannan dabara rajista a Niyok. Kana buga hannu, ƙaramar sanda tana tura mai kaɗan-kaɗan zuwa ƙarƙashin babbar sanda, babbar tana tashi da motar. Abin da ke hana man komawa inda ya fito abu biyu ne kacal: wata 'yar ƙwayar ƙarfe da ba ta fi ƙwayar wake ba, wadda ke toshe hanya, da wata 'yar roba da ta zagaye sandar. Tirela mai buhu 600 na siminti tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin jikinta. Duk wanda ya shiga ƙarƙashinta alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, ya jingina ransa ne ga 'yar roba da ƙwayar ƙarfe.

Saboda haka ne duk kamfanin da ke ƙera jak na gaskiya yake rubuta gargaɗi a jikinsa cewa an yi shi domin ɗagawa kawai, kada a shiga ƙarƙashin mota sai an tokare ta da wani abu dabam. Haka yake ko jak ɗin yau aka ɓare shi daga kwali. To, ina ga wanda tsatsa ta riga ta ci?

Bahaushe ya san jaki. Idan ka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa za ka ga alama: ya riƙa tangaɗi, ya ƙi tafiya, daga bisani ya durƙusa. Sunan ne kawai ya yi kama, amma jak bai gaji wannan hali ba. Wani lokaci yakan sauka sannu-sannu kamar na garejin nan, wani lokaci kuma robar ta fashe ko gindin ya zame, motar ta rufto kafin ƙiftawar ido. Mutumin da ke kwance rigingine da sifana a hannu ba shi da damar ko juyawa.

Wani zai ce, ina ruwan Bauchi da tsatsa? Mu da ke kan tudu tsakanin duwatsu, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota daga tekun Legas, ga rani mai tsawo da iska busasshiya? Gaskiya ne ƙarfe ya fi daɗewa a nan fiye da bakin teku. Sai dai ƙarfen da muke aiki da shi ba a nan aka haife shi ba. Ya sha gishirinsa tun kafin ya iso mana.

Tsatsa takan samu ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Gishiri kuwa shi ne mai zuga su, domin ruwan da gishiri ya narke a ciki ya fi saurin cin ƙarfe nesa ba kusa ba. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. A Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi, hukuma ce da kanta ke watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, miliyoyin tan duk shekara. Motar da ta yi shekara goma tana bin irin waɗannan tituna, ƙarƙashinta ya gama shan gishiri. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A watan Oktoban 2012, guguwar Sandy ta turo ruwan teku cikin Niyok da kewaye, ta lalata motoci wajen 250,000. Motocin da ambaliya ta taɓa gwanjonsu ake yi, kuma ta kasuwar gwanjon nan ce motocin tokumbo da dama ke biyowa zuwa Legas da Kwatano. Kowace mota da ɗan jak ɗinta a but, a ƙasan safaya, daidai inda ruwa ke kwanciya.

Ga kuma namu na gida. Tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tinkan sukan yi kwana da kwanaki a layi cikin iskar teku mai ɗauke da gishiri. Waɗanda ke jigilar takin zamani, da gishiri, da kanwa, kayan da ke cikinsu ne ke cin su, domin duk manomin da ya taɓa barin fartanya kusa da buhun taki ya ga yadda take komawa. Ruwan batir ya zube a akwatin kayan aiki. Damina ta zo, jak ya kwana cikin taɓo. Hunturu ya biyo baya, ƙura ta manne a jikin sandar da mai ya jiƙa, ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Kowane lokaci na shekara da irin cin da yake yi masa.

Mu dubi yadda wasu ke yi a inda gishiri ya fi yawa, don mu ji kunya. A gaɓar tekun Amurka da Ostireliya akwai masu ƙananan jiragen ruwa na kamun kifi da shaƙatawa. Mutum yakan ɗora jirginsa a kan ƙaramar tirela, ya ja ta da mota zuwa bakin teku, ya yi baya da ita cikin ruwa har jirgin ya taso. A gaban wannan tirela akwai ɗan jak mai taya, wanda ke riƙe hancinta idan an cire ta daga jikin mota. Nauyin da ke kansa galibi bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jirgin da tirelar ba. Amma kafin mai jirgi ya sayi wannan ɗan jak sai ya yi tambaya kamar mai neman aure. Fenti kawai aka shafa masa? To, ba ya so, domin fenti yana kwarzanewa gishiri ya shiga. Yana neman wanda aka tsoma gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri kusan 450, wato ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi. Hikimar tutiya ita ce, ita ke fara ciwuwa ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ko da an ɗan kwarzane ta. Yana duba nauyin da aka rubuta, ya zaɓi wanda ya ɗara buƙatarsa. Duk ranar da ya dawo daga teku sai ya wanke shi da ruwan daɗi, ya sa masa giris. In ya ga tsatsa ta fara kumbura a jikinsa, ya cire ya yar.

Duk wannan ɗawainiya a kan ƙarfen da ba a shiga ƙarƙashinsa. In ya karye, hancin tirela ne zai daki ƙasa, iyakarta mutum ya yi asarar kuɗi ko ya ji ciwo a ƙafa. Mu kuwa da muke tura 'ya'yan mutane ƙarƙashin tan 30, tambayar da muke yi a kasuwa guda ce: nawa za ka bari?

Daga nan ɓarnar ta rabu gida uku, kuma kowane gida da masu shi.

Gida na farko na masu sayarwa ne. Akwai waɗanda ke tsinto matattun jak daga hannun 'yan gwangwan, su kankare tsatsar sama, su ɗura masa baƙin mai, su fesa masa fenti ja ko shuɗi, su jera a gaban shago a matsayin ɗan Beljiyam. Fenti yana rufe ido ne kawai, tsatsar da ke ciki tana nan tana aikinta. Idan ta yi wa sandar ƙananan ramuka kamar zanzana, duk hawa da sauka sai ramukan nan sun yanki robar, har ranar da za ta saki. Akwai kuma sabo na jabu, wanda aka manna wa takarda mai cewa tan 20 ko tan 50, alhali in ka ɗaga shi da hannu za ka ji shi sakayau, gindinsa siriri, waldarsa kamar kashin kaza. Takarda ba ta ɗaukar kaya. Wanda ya san aibin abu ya ɓoye ya sayar, ya yi algus, kuma babu malamin da zai ce masa kuɗin nan halal ne. Algus a mudun hatsi ciki yake cuta. Na jak kuwa makara yake kaiwa.

Gida na biyu na masu gareji da direbobi ne. Su ne ke ɗura wa jak man birki idan nasa ya ƙare, alhali man birki yana cinye irin robar da ke cikin jak, yana kuma jawo danshi ya haifar da tsatsa daga ciki. Su ne ke kai jak ɗin da gindinsa ya tsage wurin mai walda a ɗinke shi a ci gaba da gashi. Su ne ke ɗora shi kan bulon siminti mai rami, wanda ke fashewa farat ɗaya ba sallama, ko kan mulmulallen dutse, ko su jera duwatsu uku don a ƙara tsawo. Su ne ke ɗaga mota a gangare ba weji a tayoyi, ko a kan kwalta a tsakiyar zafin Afrilu lokacin da ta yi laushi, ko a kan ƙasar Agusta da ke nutsewa. Ƙaramin jak mai kama da almakashi da ke zuwa cikin but ɗin ƙaramar mota, an yi shi ne don canza taya a bakin hanya, sau ɗaya a dogon lokaci. A wurinmu ya zama ma'aikacin gareji, yana ɗaga mota goma a yini har tiredinsa ya cinye, a kuma shiga ƙarƙashi a kwance giyabos.

Kada a manta da ƙafafun tirela, waɗannan biyun da ake saukewa su riƙe bodi idan an zare kan mota. Su ma jak ne, da hannu ake murza su. Je ka duba tirelolin da ke kwana a bakin hanyoyin shiga gari. Wata ƙafarta ɗaya ta lanƙwashe, wata tsatsa ta riƙe ta ba ta sauka, wata ma an yanke su an sayar. Idan aka tashi zare kai sai a tara duwatsu da guntayen itace da tsohon wili a tokare bodi mai cike da kaya. A inuwar wannan bodin mai shayi ke kafa tebur, almajirai ke hutawa, yaran mota ke shimfiɗa tabarma su yi barcin rana.

Gida na uku namu ne, mu masu motoci da iyayen yara. Mai mota yana tsaye a kan makaniki yana duba agogo, yana cewa a yi sauri yana da ɗaurin aure a Dass. Ko da wasa bai taɓa tambayar a kan me motarsa ke tsaye ba. Uba kuma ya kama hannun ɗansa ya kai gareji, ya ce wa Oga, "Ga shi nan, amana, a koya masa sana'a." Daga ranar bai sake leƙawa ya ga inda yaron ke kwanciya ba. Kowa ya san wanda ake turawa ƙarƙashin mota a gareji: mafi ƙanƙanta, saboda jikinsa ya fi shiga matsatsi, kuma ba shi da bakin cewa a'a. Oga yana zaune a benci yana ba da umarni. Ke nan wanda ya fi kowa jahiltar haɗarin shi aka sa a bakinsa.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su.

Za a ce ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma malamanmu sun sha karantar da mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Kuma ga abin lura: Ogan da ke cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, da dare yakan kulle akwatin sifanunsa da kwaɗo biyu. Bai taɓa barin su a waje ya ce in an ƙaddara za a sace, za a sace ba. Sai a kan ran ɗan wani ne tawakkalinsa ke tashi. Wanda ya ga mai yana tsiyaya, ya san jak yana sauka, ya ce yaro ya shiga, in abin ya faru sakaci ne ya yi kisa, kuma akwai ranar da za a tambaye shi.

Za a ce babu kuɗi, kaya sun yi tsada, Naira ta faɗi. Wannan gaskiya ne, jak mai kyau ba araha gare shi ba. To amma abin da ke ceton rai a nan ya fi jak araha. Gungumen ƙirya ko na maɗaci, mai kauri, wanda aka daddatsa aka daidaita fuskokinsa, nawa yake? Tayar da aka cire, a tura ta kwance ƙarƙashin shasi, kyauta ce. Weji biyu na katako, kowane kafinta zai yanka maka daga ragowar aiki. Gareji guda zai iya haƙa rami ɗaya a gina shi da siminti, a yi shekara 20 ana cin moriyarsa. Kuɗin da ake kashewa a jinyar karayar ƙugu na wata ɗaya ya isa a saya wa gareji uku kayan tokare mota. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ke riƙe da rai.

Za a ce haka muka taras ana yi. Wannan kuma ba gaskiya ba ne, musamman a Bauchi. A garin nan aka kafa kamfanin Steyr a ƙarshen shekarun 1970, tare da mutanen Ostiriya, ana harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Dattawan da suka yi aiki a irin waɗannan wurare, da na ma'aikatar ayyuka, da na jirgin ƙasa da ya iso Bauchi a 1961, sun san ƙa'idar aiki: ba a sa kai ƙarƙashin abin da ba a tokare ba. Jirgin ya daɗe da daina zuwa, duk kayan da yake ɗauka sun dawo kan titi, manyan motoci sun ninka, garejoji sun cika ko'ina, amma tarbiyyar aikin ba ta biyo su ba. Abin da muka gada ya fi wanda muke yi yanzu kyau.

Ga mai son ya gyara, abin ba shi da wuya. In za ka sayi jak, fara da sanin nauyin motarka da kayanta, ka sayi wanda ƙarfinsa ya ɗara da rata mai yawa. Ɗaga shi ka ji nauyinsa. Juya gindinsa ka duba, in ka ga walda ko tsaga ko ya lotsa, ajiye. Buga shi sandar ta fito duka, ka shafa ta da yatsa: ta zama sumul tana ƙyalli, ba rami, ba kaushi, ba danshin mai. In fentin ya yi sabo fiye da shekarun jak ɗin, ka tambayi abin da ake ɓoyewa. Kada ka biya sai an gwada a gabanka: a ɗaga mota da shi, ka yi alama, ku yi hira ta ɗan lokaci, ka sake dubawa. In ya sauka ko da faɗin farce ne, ba naka ba ne. Bayan ka saya, man jak kaɗai za ka ɗura masa, ka ajiye shi a tsaye, sandar a ciki, nesa da batir da ruwa.

Wajen aiki kuma, a nemi wuri mai tauri wanda ya daidaita. A ja birkin hannu, a sa giya, a sa weji gaba da bayan tayar da ke ƙasa. A shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri ƙarƙashin jak. In mota tana da kaya kuma da hali, a sauke. Da ta tashi, a sa matokari na ƙarfe ko gungume a ƙarƙashin shasi ko aksil, a sassauta jak har nauyin ya zauna a kansa, sannan a girgiza motar da ƙarfi. In ta motsa, ba a gama ba. Sai bayan wannan ne ɗan Adam zai sa kansa.

Shi ma matokarin a duba shi. A watan Mayun 2020, kamfanin Harbor Freight na Amurka ya yi shelar a dawo masa da matokaran mota sama da miliyan 1.7 da ya sayar, saboda an gano haƙorin da ke riƙe su yana iya kuɓucewa mota ta faɗo. Tun daga masana'anta suka fito da aibin. Can akwai hukumar da ke bibiya, akwai hanyar sanar da wanda ya saya. A nan, in kaya ya shigo kasuwa ya shige ke nan, idonka ne kawai hukumarka. Don haka wanda mai walda zai ƙera maka, ka tsaya a kan ƙarfe mai kauri da gindi mai faɗi, abin sakatar kuma ya zama ƙarfe mai ƙwari da ya ratsa ta ɓangare biyu. Guntun rodi ko ƙusa ba sakata ba ce.

In kuma abin da ake gudu ya faru, Allah ya kiyaye, kada a kama ƙafafun mutum a ja. A kawo wani jak a ɗaga, ana ɗagawa ana tokarewa, sannan a zaro shi a miƙe ba tare da lanƙwasa bayansa ko wuyansa ba. A kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a wuce da shi asibiti, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko mafi kusa. Jini yana iya zuba a ciki ba a gani, naman da aka danne kuma yana sakin abin da ke lalata ƙoda bayan sa'o'i. Mai ɗori ƙashi yake gyarawa, ba ya ganin abin da ke cikin ciki.

Kirana na farko ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da na direbobi da masu manyan motoci, NURTW da NARTO, reshen Bauchi. Kuna da ikon da gwamnati ba ta da shi, domin kun san kowane gareji da mai shi. Yadda kuke karɓar kuɗin ƙungiya ba fashi, haka za ku iya kafa doka: garejin da aka kama da mutum ƙarƙashin motar da ba a tokare ba, tara. Hukumar SON, wadda aka kafa tun 1971 don tantance ingancin kaya, ta leƙa shagunan kayan mota kamar yadda take leƙa na taya da wayar lantarki. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda ke kan titunanmu tun 1988, in ta tsayar da tirela tana tambayar abin kashe gobara, ta duba ƙafafunta da jak ɗinta. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya suna da sassan injiniya cike da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Ga aiki nan a ƙofar gida: a zana matokari mai ƙarfi da araha wanda masu waldar gari za su iya ƙerawa, a gwada shi, a koya musu. Limamanmu kuma su ba abin minti biyar a huɗubar Juma'a, domin magana ce ta amana da haƙƙin rai.

Kai kuma Oga, yaron nan da ke ce maka Baba ko Maigida, uwarsa tana can tana jiran ya dawo da magariba da ɗan abin da ka sallame shi da shi. Ba ta san mene ne tan ba, ba ta san roba ba, kai ta sani. In jak ɗinka ya fara neman a ƙara masa hannu biyu, ya riga ya gaya maka gaskiya. Ka sayar wa 'yan gwangwan, amma ka fasa shi da guduma tukuna, kada ya dawo kasuwa da sabon fenti ya kashe ɗan wani.

Mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a gareji, gobe ka je ba tare da ka sanar ba. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar da yake ciki. In jak kaɗai ka gani, ka kira shi ya fito, kada ya koma sai an tokare ta. Haka in motarka ce ake gyarawa, ka ce ba ka yarda ba, ko da zai ja maka jinkirin rabin sa'a. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.